Biyar da Hamsin, In Ji Na-Hagu

Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, maƙale tsakanin mai gyaran waya da wata mai wankin kai, kuma tun daga bakin layi warin gam zai gaya maka ka iso. Takalma yake gyarawa, kowane iri, amma abin da ya fito da shi takalmin gudu ne. Masu gudun dogon zango na garin, malaman makaranta da ma'aikatan banki da tsofaffin sojoji, wurinsa suke kawo takalmin da ko kamfanin da ya yi shi zai ce a jefar. Sai ya kifa shi a cinya, ya duba tafin kamar likita na duba harshe, ya ce, "Kana jan ƙafar dama. Gwiwa ce ko ƙugu?" Mutum ya riƙe baki. Daga nan ya kankare tsohuwar robar da magagari, ya yanko sabuwa, ya shafa gam ya bar shi ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan ya haɗa, ya bi shi da guduma, ya ɗaure da tsohon tiyub ya ajiye sai gobe.

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa, in ban da a katin asibiti. Kowa Na-Hagu yake ce masa, har matarsa in ta so tsokana. Shi kuwa ba bahago ba ne. Shekara ashirin da takwas ya yi yana gudu a gefen hagun yayansa, daga nan sunan ya kama shi.

Yaya shi ne mai gudun gidan tun suna makaranta. Yana da shekara ashirin da shida ciwon ido ya shiga masa, kafin shekara ta zagayo ganinsa ya tafi gaba ɗaya. Ya shige ɗaki ya ja labule, abinci ma sai an tura masa ta ƙofa. Wata safiya mahaifiyarsu ta gaji, ta ciro tawul daga kan igiyar shanya, ta danƙa wa ƙanin baki ɗaya, ta danƙa wa yayan ɗaya bakin.

"Kai riƙe nan, kai riƙe can. Ku fitar min daga gida. Wanda ya dawo min ba gumi, ba shi ba karin kumallo."

Na-Hagu a lokacin bai taɓa gudu ba sai in an biyo shi. Ran farko suka faɗa kwalbati su biyu. Rana ta biyu ya buga Yaya da turken fitila, ya sha zagin da har yau in ya tuna sai ya yi dariya. Amma suka ci gaba da fita. Tawul ya koma igiya, igiyar da Na-Hagu da kansa ya ɗinka daga madaurin jaka, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba, da madauki a kowane baki: ɗaya a yatsun hagun Yaya, ɗaya a yatsun daman ƙanin. Suka koyi sauke ƙafafun ciki tare, kamar an ɗaure su. Suka yi yarensu na hanya: "Rami, taku uku." "Kwana dama." "Hawa." "Kare, amma na kirki ne." Doka ɗaya ce ba a taɓawa, a gasa ko a atisaye: ɗan jagora ba ya ja. Igiya ta yi lanƙwasa a tsakani, mai gudu shi ke gudunsa.

Da ƙafa ta dawo, rai ma ya dawo. Yaya ya koyi tausa, ya sami aiki a sashen gashin ƙashi na asibiti, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya huɗu. Yatsunsa suka yi suna kamar yadda basillar ƙaninsa ta yi suna. Su biyun suka shiga gudun fanfalaki na garin, mai kilomita arba'in da biyu, sau goma sha tara, kuma a duk hotunan da ke jikin bangon shagon za ka ga Yaya a gaba da taku ɗaya a bakin layin ƙarshe, Na-Hagu kuwa rabinsa ne ya shiga hoton.

Abu ɗaya ya rage wanda Yaya ba ya iya ji da kunne ko da tafin ƙafa, shi ne lokaci. Wannan yana wuyan Na-Hagu: tsohon agogon dannawa mai fasasshen gilashi, rataye da igiyar takalmi. Hanyarsu ta asuba ya san ta kilomita-kilomita, daga gidan mai zuwa gada, daga gada zuwa masana'antar ƙanƙara, daga nan zuwa shataletale. A kowace alama sai ya danna, ya duba, ya faɗa. Shekaru da yawa abin da yake faɗa kusan ɗaya ne: minti biyar da sakan hamsin.

"Nawa, yaro?" haka Yaya ke tambaya, ko da yake yaron ya kusa hamsin da haihuwa.

"Biyar da hamsin."

"Madalla. Ci gaba da gashi."

Shekara uku da suka wuce, suna hawan gada, Na-Hagu ya ji kamar wani ƙato ya zauna masa a ƙirji. Ya daure ya ci gaba da gudu. Da abin ya maimaita sai ya sulale ya tafi wani asibiti can wata unguwa, inda ba wanda ya san Yaya. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, likita ya daɗe yana kallon takardar da injin ya fitar.

"Wace sana'a kake yi?"

"Gyaran takalma."

"Yauwa, aikin zaune. To ka ci gaba da zama. Tafiya a hankali ba laifi. Amma gudu, ko gobara aka yi ka nemi mai goya ka."

Ya ce to. Ya karɓi ƙwayoyin ya zuba su a gwangwanin ƙananan ƙusoshi a shago, ya ce wa matarsa ɗan hawan jini ne. Da asuba ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Yaya kamar kullum. Ya yi niyyar faɗa. Ya ce a ransa bari su kai gidan mai tukuna. A gidan mai ya danna agogo, ya ga biyar da hamsin da takwas, bakinsa kuwa ya faɗi abin da ya saba faɗa. Sakan takwas ne kawai. Wa zai kai ƙara a kan sakan takwas?

Haka ta fara. Ya rage ƙafa kaɗan don ƙirjin ya bar shi, Yaya ya bi shi ba tare da ya sani ba, tunda ƙafafunsu sun saba sauka tare. Takwas ta zama ashirin, ashirin ta zama minti guda. Don kada a lura sun fara dawowa a makare, sai ya matso da fitarsu da minti goma sha biyar, ya ce motoci sun yi yawa yanzu. Da Yaya ya ce, "Kai, wannan huci naka kamar injin niƙa," sai ya ce warin gam ne ya cika masa huhu. Gasa kuwa ita ce babbar matsala, don a can lasifika ke faɗin lokaci kowa na ji. Shekarar farko ya ce an rufe rajista kafin ya je. Ta biyu ya ƙirƙiro tafiya zuwa garin surukansa. Ta uku ya ce bana masu shirya gasar ba su ba da lambar ɗan jagora ba. Yaya ya yi mako guda yana tsine wa mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Abin da ya fi ci masa rai ba ƙaryar ba ce, murnar Yaya ce. Gudun ya yi masa sauƙi, lissafi kuma bai canja ba, sai ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru masa. Su dawo gida, ya tsaya a ƙofa yana taɓa rigarsa yana kiran matarsa.

"Zo ki taɓa! Kilomita goma sha biyar a biyar da hamsin, ko jiƙewa ban yi ba. Tsufa ya zo layinmu, ya duba ni, ya ce a'a, wannan ba nawa ba ne. Yaron nan kuwa ji shi, kamar an tsamo shi daga rijiya."

Na-Hagu ya yi dariya tare da su, yana dafe da bango.

Ya sha zama a shago, takalmi a cinya, basilla a hannu, yana shirya yadda zai faɗa. Kullum maganar a wuri ɗaya take tsayawa. In ya ce ba ya iyawa, Yaya zai nemi wani, kuma zai samu, don masu son gudu da shi suna da yawa. To shi kuma ya zama wa? Mai gyaran takalma mai ciwon zuciya, wanda ake kira da sunan wurin da wani ke tsaye.

Bana Auta, 'yar Yaya ta ƙarshe, wadda ke aiki a kantin magani, ta ɗauke masa wahalar neman dalili. Ta shigo shagon da rana tsaka tana fifita da hannu.

"Baffa, ban san yadda kake numfashi a nan ba. Albishirinka. Na yi muku rajista da kaina a waya, kai da Baba, har da lambarka ta ɗan jagora. Ko musu ba su yi ba. Saura wata biyu. Baba ya ce kafin awa huɗu da kwata zai gama, wai kyautar cikarsa hamsin da biyar ke nan."

"Kin kyauta," in ji shi.

"Saura ɗaya. Huda min wannan. Hannun Baba kamar ƙafar tsuntsu, ramin ƙarshe ma ya yi masa yawa."

Ta ajiye masa wani baƙin agogo mai madaurin roba a kan teburin aiki.

"Agogo kuma? Me zai gani a jikinsa?"

"Ba gani ake yi ba, Baffa, ji ake yi. Magana yake. Duk kilomita zai faɗa masa nisan da ya yi da mintin da ya ci, har bugun zuciya. Ka ga ka huta da rataya wancan naka kamar ƙararrawar akuya."

Ta juya tana gaisawa da mai wankin kai ta taga. Ya ɗauki agogon. Ba shi da nauyi ko kaɗan. A gefensa akwai wasu 'yan ramuka uku ƙanana, ta nan muryar ke fita. Ya ɗora bakin basilla a wuta har ya yi ja, ya ɗauko ta, hannunsa ya tsaya a sama. Tsakanin ramukan nan da madaurin bai fi faɗin yatsa biyu ba. Hannu na iya zamewa, ko na gwani ne. Ya ji dariyar Auta a bayansa. Ya huda madaurin, huda mai kyau, daidai layin sauran, ya goge bakin da yatsa ya miƙa mata.

Washegari Yaya ya fito yana ɗaga hannu kamar mai nuna zobe. Tun kafin su tashi ya raɗa wa agogon suna, saboda muryar mace ce, ba ta hawa ba ta sauka: Malama. Suka kama igiya suka tafi. Suna kaiwa gidan mai Malama ta yi ƙara, ta ce kilomita ɗaya, minti bakwai da sakan goma.

Yaya ya tuntsire da dariya. "Malama, daga ina aka kawo ki? Yaro, naka me ya ce?"

Na-Hagu ya danna, ya duba. Bakwai da tara.

"Biyar da hamsin," in ji shi.

"Kin ji ko? Ki bi a hankali, ke baƙuwa ce a hanyar nan."

A kan gada ta ce bakwai da sha biyar. A masana'antar ƙanƙara ta ce bakwai da ashirin. Dariyar Yaya ta ragu. Can ya yi tsaki ya ce, "An cuci yarinyar nan. An ga mace, an ji na makaho ne, an haɗa ta da mataccen kaya."

Da yamma Auta ta dawo shagon, wannan karon ba fifita ba dariya. Ta zauna a bencin masu jira, agogon a hannunta.

"Baba ya ce in mayar musu. Na je, sun gwada a gabana. Ban yarda ba, na ɗaura da kaina na zagaye filin wasa sau biyar ina dubawa da wayata. Baffa, lafiyarsa ƙalau." Ta ɗago ta dube shi, ta dubi tsohon agogon da ke rataye a ƙusa. "Ko naka ne ya tsufa?"

Ƙofa ce ta buɗe masa, ya gane. In ya ce eh, a jefar da tsohon, magana ta mutu. Amma in ya bi ta nan, gobe Yaya zai ce to ashe mun yi sanyi, a koma biyar da hamsin na gaskiya, wata biyu ya rage. Kullum, kilomita goma sha biyar, Malama na shaida.

"Mayar masa," ya ce. "Gobe za mu gani."

Dabarar da ya kwana da ita ko shi ya san ba ta da ƙafa. Kilomita ɗaya tak. In Malama ta faɗi biyar da hamsin sau ɗaya da bakinta, sai ya ce ka ji, yau ta ce haka jiya ta ce haka, ba abin dogaro ba ce, a ajiye ta a gida. Da asuba ya haɗiyi ƙwaya biyu maimakon ɗaya, cikin waɗanda ya taho da su daga shago. Matarsa ta bi shi da ido har ƙofa.

"Baban yara, fuskarka ba ta yi min ba. Ka bari yau mana."

"Yana jira na."

"Shekara ashirin da takwas yana jiran ka. Rana ɗaya ba za ta kashe shi ba."

Ya fita.

Suka bar gidan mai a yadda suka saba, Malama ta faɗi bakwai ɗinta. Daga nan Na-Hagu ya buɗe ƙafa. Bai ja ba, ya dai ƙara tsawon taku, Yaya ya ji a igiya ya amsa. Suka ƙara. Iskar safiya ta fara kaɗa musu riga. Tafin takalmansu ya koma wani sauti da Na-Hagu ya manta da shi, sauti mai kaifi, kamar ana tafi. Ya saci kallon yayansa: haɓa a sama, baki a buɗe, fuskar ta koma ta saurayin da aka danƙa wa tawul.

"Kai!" in ji Yaya yana haki. "Kai, yaro! Wannan fa? Yau me ka ci?"

Ƙaton ya dawo ya zauna masa a ƙirji, ya miƙa hannu ya riƙe masa muƙamuƙi, ya sauko kafaɗar hagu. "Hawa," ya samu ya ce. Suka kama gada. Fitilun kan gadar suka fara rabuwa biyu-biyu. Ya ƙirga su, saura shida, saura huɗu.

Malama ta yi ƙara. Kilomita biyu, minti biyar da sakan hamsin da biyar.

Ya ji takun Yaya ya rikice, abin da bai taɓa faruwa ba. Mutumin da ke haki haka, gumi na zuba masa, an ce masa wannan gudun da ya kusa fasa masa huhu bai ma kai abin da ake gaya masa yana yi kullum ba tare da ya jiƙe ba. Ba sai an yi masa bayani ba.

A nan Na-Hagu ya yanke jiki. Ya tafi ƙasa da igiyar a yatsunsa, ya fizgo Yaya har shi ma ya dafa kwalta.

Yaya bai yi ihu ba tukuna. Ya lalubo shi, ya jingina shi da ƙarfen gada, ya ɗora yatsu biyu a wuyansa, ɗaya hannun a ƙirji. Yatsun da suka shekara ashirin suna karanta jikin mutane. Ya saurari bugun.

"Tun yaushe?"

"Yaya..."

"Tun yaushe, na ce."

"Shekara uku."

Sai Yaya ya miƙe, ya juya fuskarsa inda yake jin motoci, ya shiga tsakiyar titi da hannuwa a sama, ba sanda ba jagora, yana kiran jama'a da wata murya da ƙaninsa bai taɓa jin ta ba. Motar raba burodi ce ta taka birki a gabansa.

Kwana biyar ya yi a asibitin da Yaya ke aiki, gadon kusa da taga. Matarsa ta yi kukanta, ta yi faɗanta, ta je shago ta kwaso gwangwanin ƙusoshi ta kawo wa likita. Yaya kuwa kullum in ya tashi aiki sai ya zo, ya zauna a ƙarshen gado, ya jawo ƙafafun ƙaninsa ya ɗora a cinya yana matsawa. Ya tambayi ko ya ci abinci, ya tsokani ma'aikaciyar jinya. Maganar bai taɓa ta ba sai rana ta huɗu, da ɗakin ya rage su biyu da wani tsoho mai barci.

"Rajistar da aka rufe?"

"Ba a rufe ba."

"Lambar ɗan jagora?"

"Suna bayarwa."

Yaya ya gyaɗa kai. Yatsunsa ba su daina aiki ba.

"Da ka mutu a kan gadar nan fa? Ina riƙe da igiya, ina tambayar gawa nawa muka yi?"

"Na ji tsoro ne, Yaya. In na faɗa za ka nemi wani."

"Da na nema. Ko kuma da na ce mu koma tafiya, mu biyu, mu tsufa a hankali. Ban san wanda zan zaɓa ba. Kai ma ba ka sani ba, tunda ba ka bari na zaɓa ba." Ya saki ƙafa ɗaya ya kama ɗayar. "Ka san sau nawa ake yi min ƙarya a rana? Mai mota ya ce mun iso, ba mu iso ba. Mai kanti ya ce wannan ce fara, alhali shuɗiya ce. Wani ya ce ba kowa a ɗakin, ina jin numfashin mutum. Na saba. Ba na ma fushi. Ina cewa a raina, ku yi ta yi, ina da wurin da in aka ce min rami, rami ne. Har kiran matata nake yi ta taɓa rigata, yaro. Kana tsaye."

Na-Hagu ya juya fuskarsa wajen taga.

"Ka yafe min."

"Na yafe tun a kan gada. Wannan ba shi ne abin da ke damu na ba."

Da ya koma shago, likita ya yarda masa da zama da tafiya kaɗan. Aikin farko da ya yi ba gyara ba ne. Ya bi takalman da ke jiran masu su ɗaya bayan ɗaya yana kifawa, har ya kai ga na wani ma'aikacin kashe gobara, mutum mai shekara arba'in da yawan dariya. Tafin ya cinye daidai, hagu da dama, ba ja ba karkata. Mai irin wannan taku ba zai rikita na kusa da shi ba. Da mutumin ya zo karɓa, ya zaunar da shi, ya koya masa yaren hanya, ya gaya masa Yaya ba ya son a ce "yi hankali", a faɗa masa abin da ke gaba kawai. Ya ɗinka musu sabuwar igiya daidai yatsun mutumin, ya ba Auta ta kai.

Ranar gasa ya tsaya a bayan shinge kusa da layin ƙarshe, matarsa riƙe da kujerar roba da ya ƙi zama a kai. Awa huɗu da kwata ta zo ta wuce. Mako bakwai ba sa mayar da abin da shekara uku suka cinye. Ƙafafun Yaya sun koyi sanyi, kuma shekarun da zai iya ƙwace su a ciki su ne aka zaunar da shi. Sai da awa biyar ta kusa suka ɓullo, Yaya na ɗingishi, mai kashe gobara na yi masa magana a kunne. Lasifika ta faɗi lokacin, kowa ya ji. Mutane suka yi tafi sosai, kamar yadda ake yi wa makaho ko nawa ya yi. Na-Hagu ya san yayansa ya tsani irin wannan tafin.

Ba su ɓata ba. Duk wanda ya ce sun ɓata bai san su ba. Yaya na zuwa shagon duk ranar da ba shi da aiki, ya zauna a benci, ya sha shayi, ya yi wa mai gyaran waya tsiya a kan ƙungiyar ƙwallonsa. Gudu ya rage shi zuwa sau biyu a mako, in mai kashe gobara ba ya bakin aiki.

Wata yamma Auta ta yi waya ta ce ba za ta samu zuwa ɗaukar Yaya ba. Na-Hagu ya rufe shago ya ce bari ya raka shi tashar mota, ai likita ma ya ce ya riƙa takawa. Yaya ya naɗe sandarsa, ya kama gwiwar hannun ƙaninsa. Suka bi layin a hankali, suna hirar ɗan Yaya na biyu da ke neman canjin aiki. Suka iso babban titi, inda ba danja, sai dai mutum ya duba ya tsallaka. Na-Hagu ya duba dama, ya duba hagu, ya sake duba dama. Wata babbar mota ta wuce, bayanta fayau.

"Ba komai. Mu je."

Ya ɗaga ƙafa, ya ji hannun da ke gwiwarsa bai taho ba. Yaya na tsaye a bakin kwalta, ya ɗan karkatar da kai, kunne ɗaya wajen dama. Ya juya, ya ba hagu ɗaya kunnen. Bai fi sakan uku ba. Fuskarsa ba fushi, da alama ma bai san ya yi ba.

Na-Hagu ya dawo da ƙafarsa. Ya tsaya, ya jira yayansa ya gama saurare.

"To," in ji Yaya. "Mu je."